Yadda Ake Saka wa Fankar Lagireto Makunnin Hannu Ba Tare da An Jawo Gobara Ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40 da tsakar rana, ba a rasa mota a gefen titi an ɗaga mata bonet tana tururi, musamman a wuraren da cunkoso yake tsayar da ababen hawa, irin kewayen Babbar Kasuwa da bakin tasha. Muddin mota tana gudu, iskar da take bugun gabanta ta isa ta sanyaya lagireto, amma da zarar ta tsaya cikin layi, fanka ce kaɗai take jawo iska, kuma idan fankar ta makara da minti biyu ko uku, allurar zafi ta riga ta doshi ja. Wannan ne ya sa direbobi da yawa suke son a saka musu makunni a gabansu, domin su tayar da fanka da hannunsu tun kafin injin ya tafasa.

Buƙatar tana da hujja, sai dai hanyar da aka saba bi ce take da haɗari. Sau da yawa za ka tarar an jawo waya ɗaya daga batir zuwa wani ƙaramin makunni a dashbod, an sake jawo ta zuwa fanka, babu fis mai katse wuta idan ta yi yawa, babu rile, wato makunnin da ƙaramar wuta take sarrafawa domin ya saki babba, sannan an zare soket ɗin suwic ɗin zafi na asali, wanda yake tayar da fanka da kansa idan ruwa ya yi zafi, an bar shi yana lilo. Mai irin wannan haɗi ya ɗora wa kansa nauyi biyu: idan ya manta bai kunna ba, gaskit ya ƙone, idan kuma wayar ta goge da ƙarfe, babu abin da zai katse wutar batir har sai roba ta kama. Ni a ganina makunnin hannu ƙari ne a kan tsarin da kamfani ya yi, ba madadinsa ba ne, kuma duk haɗin da ya kashe tashin fanka da kanta, ko ya bi da babbar wuta ta cikin ɗakin direba, bai cancanci a biya kuɗinsa ba.

Kafin ka sayi ko da taƙi ɗaya na waya, ka fara gano abin da ya sa motar take zafi. Duba fis ɗin fanka da rile ɗinta a akwatin da ke cikin bonet. Zare soket ɗin fanka ka ba ta wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci; idan ta juya da ƙarfi, motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da yake juya ta, lafiya take, idan kuwa tana jan jiki ko sai an tura ta da sanda, to makunni ba zai yi mata magani ba. Haska fitila ta bayan lagireto ka ga ko haske yana ratsawa, domin ƙurar hunturu takan toshe tsakanin lagireto da kwandansar esi har iska ta kasa wucewa. Murfin lagireto ma abin dubawa ne: shi yake riƙe matsi na kusan 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, wanda yake ɗaga matakin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120, saboda haka murfin da robarsa ta mutu yakan sa mota tafasa alhali fankarta tana aiki. Haka nan ruwan rijiya da ake ɗurawa yau da gobe yana barin tsatsa da gishiri a cikin hanyoyin lagireto. Idan matsalar suwic ɗin zafi ce kawai, canza shi ya fi komai sauƙi, daga baya sai ka ƙara makunnin hannu a matsayin na ko-ta-kwana.

Dalilin da ya sa ba a yin wannan aiki sai da rile yana cikin lissafi. Fankar ƙaramar mota tana jan tsakanin amfiya 10 zuwa 20 tana cikin juyawa, kuma a daidai lokacin tashi takan ja ninki biyu ko fiye na ɗan ƙiftawar ido. Ƙananan makunnan da ake sayarwa a shagunan kayan mota ba su jure wannan na dogon lokaci. Bakinsu na ciki yana tartsatsi duk sa'ad da aka danna, ya yi baƙi, ya fara zafi, daga nan roba ta narke. Rile kuwa an ƙera shi ne domin ya ɗauki amfiya 30 ko 40, alhali naɗin wayar da ke cikinsa, wanda yake zama maganaɗisu ya jawo bakin, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya ba. Ke nan babbar wuta tana tsayawa cikin bonet a kan gajeriyar hanya daga batir zuwa fanka, abin da yake shiga wurin direba kuwa 'yar ƙaramar wuta ce ta ba da umarni.

A ƙasan kowane rile akwai lambobi, kuma sanin su shi ne rabin aikin. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na naɗin maganaɗisu, a al'ada 86 take karɓar fositif, 85 ta tafi jikin mota. Ƙafa ta 30 ita ce wadda bakinta na ciki yake juyawa tsakanin 87a da 87. Idan rile yana hutawa, 30 tana haɗe da 87a. Idan aka ba shi wuta, sai ta saki 87a ta kama 87. Mai ƙafa huɗu ba shi da 87a. A wannan aiki mai ƙafa biyar nake ba da shawara, amma ka dubi zanen da ke jikinsa da kyau kafin ka biya, domin akwai mai ƙafa biyar da aka yi wa 87 guda biyu, wanda ba zai yi abin da muke so ba. Ka kuma karanta ƙarfinsa: idan an rubuta 40/30, ma'ana 87 tana ɗaukar amfiya 40, 87a tana ɗaukar 30, kuma wannan ya wadatar ga fanka ɗaya.

Abu na gaba shi ne sanin irin tsarin da motarka take da shi, domin ba duka suke ɗaya ba. A tsofaffin motoci, irin Golf 2 da Honda da Toyota na shekarun 1990, akwai suwic na musamman a jikin lagireto ko kusa da gidan tamosta (bawul ɗin da yake buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi), wanda yake tayar da fanka idan ruwa ya haura digiri 90 da 'yan kai. A waɗanda suka biyo baya, kwamfutar injin ce take karanta sensar zafi ta ba rile umarni. A sababbi da yawa kuwa akwai wani ƙaramin akwati a jikin fankar kanta da yake rage ko ƙara mata gudu bisa saƙon kwamfuta. Alamarsa ita ce wayoyi biyu masu kauri da wata siririya ɗaya ko biyu a soket guda. Idan irin wannan ce motarka, kada ka yanke komai, ka kai ta wurin mai na'urar bincike. Kuma a kowace mota, kada ka taɓa haɗa makunni da wayoyin sensar zafi da take zuwa kwamfuta, domin da bolt 5 take aiki, kuma bolt 12 na batir yana iya lalata kwamfutar nan take.

Kayan aikin ba su da yawa. Ban da rile da soket ɗinsa, kana buƙatar fis mai gida na amfiya 30, wanda launinsa kore ne, da wani ƙarami na amfiya 5 domin makunni, da makunni mai fitila a jikinsa. Wayar babbar wuta ta zama mai kaurin milimita 4 murabba'i, ta umarni kuma milimita 1 ta isa. A nan ne ake yawan cutar mutane, saboda haka ka tsaya ka duba. Kasuwa cike take da waya mai kaurin roba da 'yan silalla kaɗan a ciki, da kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata ruwan tagulla. Ka feɗe bakinta ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan fari ya fito, ka ajiye musu kayansu. Kada kuma ka yi amfani da wayar gida mai sili ɗaya, domin girgizar inji da ramukan hanya za su karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Sau da yawa wayar da aka ciro daga tsohuwar mota 'yar Kwatano ta fi sabuwar da ke cikin kwali nagarta. Sai ka haɗa da kilif na kan waya, da dalma, da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, da bututun roba mai tsaga na rufe waya, da filaya, da sufana lamba 10, da mita ko fitilar gwaji.

Ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar a inuwa, injin ya huce sarai. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, domin zoben azurfa da ya haɗa kan batir da jikin mota yana yin ja cikin daƙiƙa ya ƙone yatsa har ƙashi. Ka naɗe hannun riga, ka kuma sani cewa a wasu motoci fanka tana tashi da kanta ko da an zare makulli.

Tun batir yana haɗe, ka yi gwaji ɗaya. Zare soket ɗin fanka, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka taɓa kowace ƙafa ta soket ɗin ɓangaren mota da fitilar gwaji. Idan babu wadda ta kawo haske, to fositif ake kunnawa da kashewa, kuma wannan shi ne tsarin da ya fi yawa. Sai ka tayar da inji, ka kunna esi ko ka jira ya yi zafi, ka ga wayar da wuta take zuwa ta cikinta, ka sa mata alama da salatif. Idan kuwa ɗaya ta kawo haske alhali fanka ba ta aiki, to negatif ake katsewa a motarka, sai a haɗin da zan bayyana a ƙasa rile ɗinka ya koma kan wayar negatif, ƙafa ta 87 ta tafi jikin mota maimakon batir. Idan fankar mai waya uku ce mai gudu biyu, wayar babban gudu za ka nema. Bayan ka gama wannan, kashe makulli ka kwance kan batir na negatif, shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe.

Yanzu ka zaɓar wa rile wurin zama kusa da batir, nesa da bututun hayaƙi, ka ɗaure shi da noti ƙafafunsa suna kallon ƙasa domin kada ruwan wanki ko na damina ya kwanta a ciki. Yanke wayar fositif ta fanka da ka sa wa alama, a inda za ka sami tsawon da ya ishe ka aiki ta kowane ɓangare. Bakin da yake tafiya zuwa fanka ka haɗa shi da ƙafa ta 30. Bakin da ya fito daga wayarin na mota ka haɗa shi da 87a. Sannan ka jawo sabuwar waya mai kauri daga fositif na batir, ta bi ta gidan fis na amfiya 30, ta shiga ƙafa ta 87. Wanda ya saba haɗa fitilu zai ce an juya rile, domin shi a 30 yake sa batir, amma da gangan aka yi haka. Idan makunni yana kashe, wutar tsarin asali tana bi ta 87a zuwa fanka kamar ba a taɓa komai ba. Idan ka kunna, rile ya raba fankar da wayarin na mota gaba ɗaya ya ba ta wutar batir, saboda haka babu wutar da za ta koma baya ta shiga inda ba a kira ta ba.

Matsayin fis ɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Aikinsa kare waya ne, don haka duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya ko kaɗan. Ka sa shi kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Kada ka cusa fis ɗin a gidansa tukuna, sai an zo gwaji. Idan motarka mai fanka biyu ce kuma kowace tana da layinta daban, ka ba kowace rile da fis nata, makunni ɗaya ya isa ya umarce su duka. Amma akwai motocin Toyota da suke jera fankokin biyu a layi ɗaya domin ƙaramin gudu su raba su domin babba, ta amfani da rile uku. A irin waɗannan kada ka yanke wayar fanka, ka bi hanyar suwic ɗin zafi da zan kawo a ƙasa.

Wutar makunni dole ta fito daga layin da yake mutuwa idan an kashe makulli. Idan ba haka ba, fankar da take jan amfiya 15 za ta zuƙe batir mai amfiya-awa 60 cikin 'yan awanni, kuma tun kafin ya ƙare mota za ta ƙi tashi. Wanda ya ajiye mota ya shiga masallacin Juma'a ko zaman ɗaurin aure ya manta makunni a kunne zai fito neman masu turi. A akwatin fis na cikin mota ka nemi layin soket ɗin caji ko na rediyo, ka tabbatar da fitilar gwaji cewa yana ɗaukewa idan an zare makulli, domin a wasu motocin Turai soket ɗin caji ba ya mutuwa. Wannan layi yana da wata fa'ida: a yawancin motoci yana ɗaukewa a lokacin da ake tayar da inji, ke nan fanka ba za ta yi wa kik rabon wuta ba. Ka guji layin kwamfuta, da na famfon fetur, da na birkin ABS, kuma duk wayar da ka gani cikin rufi ko soket mai launin rawaya ta jakar iska ce, ko kusa kada ka je. Daga layin da ka zaɓa, waya ta bi ta fis na amfiya 5 zuwa ƙafar shiga ta makunni, ƙafar fita ta tafi 86, ƙafa ta uku ta fitilar makunnin ta tafi jikin mota, sannan 85 ta rile ita ma ta kama jikin mota.

Wurin da waya take ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba yana cikin wuraren da gobara take iya farawa. Ka bi ta cikin robar da wayarin na asali ya bi, ko ka huda sabon rami ka sa masa roba a baki. Kada waya ta taɓa gefen ƙarfe tsirara, kada kuma a bi da ita ta bakin ƙofa kamar yadda masu gaggawa suke yi. A cikin bonet ka sa ta a bututun roba, ka ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya, nesa da bel da fukafukan fanka da salansa. A ƙarƙashin sitiyari ka tabbatar ba ta kusa da feda. Game da mahaɗa, murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne a garin da cikin bonet yake zama kamar tanda. Gam ɗin salatif yana narkewa ya warware cikin bazara ɗaya. Ka matse kilif da kyau har ka ja da ƙarfi bai fita ba, ko ka like da dalma, sannan ka rufe da roba mai tsukewa. A inda za ka kama jikin mota, ka kankare fenti har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure da noti, ka shafa ɗan giris a kai saboda tsatsa.

Ga masu tsofaffin motoci akwai gajeriyar hanya da ba ta buƙatar sabon rile, domin na motar ya isa. A Honda da yawa suwic ɗin zafi a buɗe yake idan injin yana da sanyi, yana rufewa idan ya yi zafi; idan ka haɗa ƙafafun soket ɗinsa biyu da makulli a kunne fanka ta tashi, to sai ka jawo siraran wayoyi biyu daga waɗannan wayoyi zuwa makunni, ba tare da ka zare suwic ɗin ba. A tsofaffin Toyota abin akasin haka ne: suwic ɗin a rufe yake da sanyi, kuma zare soket ɗinsa shi yake tayar da fanka. A nan sai a yanke wayar a sa makunni a tsakiya, ya zamana katse layin ne yake kunna fanka. Makunni maras fitila ake amfani da shi a waɗannan hanyoyi biyu. Golf 2 kuwa ba ta shiga wannan sauƙi, domin babbar wutar fanka ce take bi ta cikin suwic ɗinta, saboda haka ita sai da rile.

Idan rewaya za ka ba aikin, ka faɗa masa abin da kake so tun farko: "Malam, don Allah ka bar mini suwic ɗin zafi yana aikinsa, ka sa rile da fis, makunnin kuma ya bi makulli." Wanda ya san aikinsa ba zai yi musu ba, kuma kana da haƙƙin ya nuna maka inda fis ɗin yake kafin ya rufe bonet.

Gwaji yana da tsari, kada ka tsallake ko ɗaya. Mayar da kan batir, ka cusa ƙaramin fis, ka danna makunni da makulli a kashe. Bai kamata ka ji komai ba. Murɗa makulli ka sake dannawa, za ka ji rile ya yi ƙas. Sai yanzu ka cusa babban fis, hannunka nesa da fanka, ka kunna. Sa takarda a gaban lagireto: idan ta manne, iska tana shiga daga gaba zuwa inji, haka ake so, idan ta faɗi ko an huro ta waje, an juya wayoyin fanka, kuma irin wannan fanka tana faɗa da iskar hanya ne idan mota tana gudu. Tayar da inji ka bar fankar ta yi minti 10, sannan ka shafa wayoyi da gidan fis da soket ɗin rile. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma duk mahaɗar da ta yi zafin da ba ka iya riƙewa ba ta matsu ba, sai an sake ta. Da mita, bambancin da ke tsakanin batir da bakin fanka kada ya wuce rabin bolt. Gwaji na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: kashe makunni, ka bar injin yana aiki a tsaye kana kallon allura, har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta, sannan ka kunna esi ka ga ta amsa. Idan ba ta tashi ba, ka duba 87a, domin a nan kuskuren yake.

Idan fis ya ƙone sau ɗaya, canza shi da irinsa. Idan ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge ko motar fankar ta fara cijewa tana jan wuta fiye da kima. Kada ka ƙara masa lamba, kada kuma ka naɗa masa silin waya ko takardar sigari, domin daga ranar wayar ce ta zama fis.

Wajen amfani, ka kunna makunnin idan ka hango cunkoso, ko kana jiran layi a gidan mai, ko ka ɗauko kaya masu nauyi kana tafiya a hankali a hanyar ƙauye mai yashi. A kan hanyar Illela ko ta Gusau, da ka haura kilomita 60 a awa, iskar hanya ta fi abin da fanka za ta jawo, barinta a kunne sai cin gawayin da ke cikin motar fankar da ɗora wa altaneta nauyi. Da safiyar hunturu a Disamba da Janairu ka bar ta a kashe, injin ya kai zafin aikinsa, kuma kada ka yarda a cire maka tamosta da sunan maganin zafi, domin injin da yake aiki da sanyi ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa. Idan allura ta hau duk da fanka tana juyawa, ka tsaya ka kashe inji, kada ka buɗe murfin lagireto sai babban tiyo ya yi laushi kana iya matsa shi da hannu. Ka ajiye fis biyu na amfiya 30 da rile ɗaya a aljihun dashbod, ka kuma nuna wa duk wanda zai ari motar abin da makunnin yake yi da lokacin da ake kashe shi.